Kabad ɗin Tsafe

"Baba kafinta, mi ya sa ƙudaje ke mutuwa gindin kabad ɗinka?"

Sadiya ce ta yi tambayar, 'yar shekara biyar, tana tsugune tana tattara matattun ƙudajen da tsinke. Uwarta Luba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tun ɗazu mijinta Sabiru yake lallaɓa kafintan, Malam Tukur, ya sassauta masu kuɗin kabad, har magana ta kusa faɗawa, ga yarinya ta kawo abin da ba a aike ta ba.

"Ke, tashi nan. Wa ya tambaye ki?" in ji Luba.

Malam Tukur ya cire fensir daga bayan kunne yana dariya. "Ƙyale ta, uwar gida, ai talla ta yi mani. Duk hanyar ga, daga nan Tsahe har Huntuwa, ki nemo mani kabad ɗin da ƙwaro ke tsoro in ba nawa ba. Ƙuda, kyankyaso, gara, kowane ya taɓa shi ya gama yawo."

Sabiru ya gyaɗa kai cikin jin daɗi, irin na wanda ya yi dacen ciniki.

Tun da aka ba Zamfara jiha aka maido shi daga Sakkwato zuwa Gusau, suka tare a gidan da mahaifinsa ya bari a Tudun Wada. Shekara biyu Luba tana girki ƙarƙashin wata rumfar kwano, iska ta ci wuta, ruwa ya ci gari. Sai bana Allah ya hore aka ɗaga bango, aka yi daɓen siminti, aka fasa taga. Abin da ya rage shi ne wurin ajiyar kaya, kuma ita ta matsa a kan sai kabad mai ƙofa, saboda Mannir, ɗanta na goye. Watansa goma, haƙoransa biyu, rarrafensa kamar an kunna masa inji, kuma duk abin da hannunsa ya kai to ya zama na baki: takalmi, gawayi, ƙafar kujera. So take garin tuwo da daddawa da barkono da wuƙa su tashi daga ƙasa su shiga inda za a rufe. Kafintocin Gusau kuwa sun ga ma'aikata sun cika gari, kuɗin aikinsu ya yi ƙaho. Wani abokin aikin Sabiru mai suna Attahiru ne ya kwatanta masu wannan rumfa ta bakin titi a Tsafe, ya ce can ya yi wa matarsa nata, ga kyau ga sauƙi.

Kyau dai akwai shi. Jikin kabad ɗin shuɗi, ƙofofinsa huɗu ruwan madara, ga kanta a sama inda za a jera kwanuka. Luba ta gyara goyonta, ta buɗe ƙofa ɗaya, ta sa kai ciki. Warin fenti ya tare ta, wannan kowa ya san shi. Amma a bayansa akwai wani wari mai kama maƙogwaro, wanda ta tabbata ta taɓa shaƙa, ta kuma rasa inda ta san shi. Ta sake shaƙa, ta rufe ƙofar, ta buɗe ta kusa da ita. Duk ɗaya.

"Malam Tukur, mi kake shafa mashi kahin henti?"

"Uwar gida, in na hwaɗa maki gobe ki buɗe taki rumfa kusa da tawa."

Ta yi murmushi, ba ta ja ba. Ta nuna wani guntun falanki da aka gwada fentin a kansa, ta ce a ba ta ta je ta kara da bangon kicin ta ga ko launin zai shiga. Ya miƙa mata. Aka rabu a kan Sabiru zai aiko a ɗora kabad ɗin a mota cikin mako.

Suna isa gida ta ajiye guntun a kan tabarma ta kwance goyo ta juya. Kafin ta waiwayo Mannir ya riga ya damƙe shi yana kai wa baki. Ta fizge da ƙarfin da ya sa yaron ya ɓare baki da kuka, ita kanta ta tsaya tana mamakin kanta. Ba ta san abin da take tsoro ba tukuna. Hannunta ne ya riga ta yanke hukunci.

Akwai wani ragowar wake da ƙwari suka kama, ta daɗe tana cewa za ta shanya. Ta ɗebi tafi biyu ta zuba a langa, ƙwarin na ta zirga-zirga a kai, ta jefa guntun falankin a ciki, ta rufe, ta ɗora bisa katanga. Washegari da ta gama dama koko ta sauko da langar. Ko ɗaya bai motsa ba. Ta karkaɗa, suka gangaro gefe kamar ridi.

Ta kai wa Sabiru yana ɗaure igiyar takalmi zai tafi ofis.

"To ai abin da ake so ke nan," in ji shi. "Mutumin bai yi ƙarya ba."

"Maigida, kwana ɗaya fa. A cikin kwano rufe. Shi kuma kabad rufe zai zauna, da garinmu a ciki, shekara da shekaru."

"Ke ɗanki ƙwaro ne?"

"Da ƙwaro ne da na huta. Ƙwaro wake kawai yake ci."

Ya yi dariya duk da ba ya so. Ya ce shi dai ya riga ya ba mutum baki, kuma ba zai koma wurin kafintocin Gusau su yanke shi ba. Ta ce ba ta ce ya fasa ba, Juma'a kawai take so ya bari ta wuce, tun da dama za ta Bungudu gaida su Baba.

Mahaifinta Malam Garba yana ƙofar gida a kan buzu lokacin da suka sauka daga kan kabu-kabu. Ya tare Sadiya da tsiya irin ta kaka da jika, ya ce matarsa ta zo hannu rabbana, sakinta zai yi ya auro mai kawo goro. Sadiya ta ce ita ma ba ta son miji mai furfura. Sai da aka gaisa aka sha fura, Luba ta kwance bakin gyalenta ta fito da guntun falankin a naɗe cikin leda.

"Baba, shinshina mani wanga."

Sau ɗaya ya kai hanci ya kawar da kai. "Ina kika samo maganin auduga?"

Nan take abin ya dawo mata. Tana ƙarama, in Baba ya dawo daga feshin gona da famfo a bayansa, mahaifiyarta Inna Zulai ba ta bari ya wuce zaure. Can ake kai masa ruwa da sabulu, can yake tuɓe rigar, kuma yaro ba ya zuwa kusa da shi sai ya yi wanka. Warin zauren nan ne ya bi ta har cikin kabad ɗin Tsafe.

"Da kananzir anka gauraya shi," in ji Malam Garba, yana juya katakon da bakin sanda. "Haka muke yi in an gama heshi ya yi saura. A shafa ma azara, a shafa ma dogaran ƙofa, gara ta kama gabanta. Amma azara sama take, ba ta haɗa hanya da tuwo."

Inna Zulai, wadda ke tsince zogale a gefe, ta ce, "Ba shi ne akuyar maƙwabcinmu Dalhatu ta lashi gwangwaninsa ba, ko wuƙa ba a kai ga ɗaukowa ba?"

Luba ta jawo Mannir jikinta. Ta tambayi mahaifinta, to in ba a shafa ba, yaya za a yi da gara? Gidansu na Tudun Wada ko tabarma aka manta a ƙasa kwana uku sai an tarar da ita da baƙi. Ya ce gara ba ta tashi sama, bi take yi. A yi wa abin ƙafafun ƙarfe, a janye shi daga bango yadda tsintsiya za ta wuce ta bayansa. In kuma da hali a nemi katakon maɗaci, ɗacinsa ya ishe ta magani.

"Sai dai maɗaci ba abokin mai neman araha ba ne," ya ƙara da cewa.

Da ta koma ta kwashe duka ta faɗa wa Sabiru. Bai yi gardama ba, domin shi ma ɗan manomi ne, ya san abin da maganin auduga yake. Ranar Asabar suka bar yaran wurin maƙwabciya suka hau motar Funtuwa suka sauka a Tsafe.

Malam Tukur ya ɗauka ɗaukar kaya suka zo. Da Luba ta ce masa, cikin ladabi, ta san sirrin, fuskarsa ta canja.

"To sai mi? Yallaɓai, ka ji mani matarka. Ni taimako nike yi. Shekara shidda da sunka wuce na yi ma wani alhaji kabad, damina ɗaya gara ta maishe shi gari, ya zo nan gaban mutane ya kira ni macuci. Tun ran nan na rantse aikina ba ya sake zama abincin gara. Ina noma auduga, magani na gida, ba saye nike ba, shi ya sa kuke ganin sauƙi. Kuma ai henti ya ruhe shi."

"Ta waje ya rufe," in ji Luba. "Ciki fa ko hannu ɗaya ba ka cika ba."

"Wa ke kallon ciki?"

"Gari."

Masu zaman benci a gefen rumfar suka ƙyalƙyale. Sabiru ya yi gyaran murya, alamar ta sassauta. Ita kuwa ba neman faɗa take ba, wani abu ne yake ta yi mata yawo a kai tun a mota, sai ta tambaya.

"Malam Tukur, don Allah, a gidanka akwai irinsa?"

Ya sosa gemu. "Na yi ma maiɗakina ɗaya."

"Nan take sa garinta?"

Wani tsoho daga bencin ya amsa masa. "Takalmansa ke ciki. Cewa ta yi tuwonta na warin hitila, ta maida garinta ƙwarya."

Wannan karon har shi Malam Tukur sai da ya murmusa, amma murmushin bai daɗe ba. Ya juya ya dubi kabad uku da ke jere suna jiran masu saye. Ya ce shi ya ɗauka tsirfar mata ce kawai.

Daga nan magana ta koma ta aiki. Luba ta faɗi abin da take so: maɗaci, ƙafafun ƙarfe, ciki a goge shi sumul a bar shi ba fenti ba komai. Ya ce in maɗaci ne, abin da suka shirya ba zai kai ƙofa huɗu ba, biyu ne, kuma ban da kanta. Sabiru ya ɓata rai, ya ce na Attahiru bango guda ya cinye, mutane za su shigo su ga nasu kamar akwatin rediyo. Luba ta ce kwanuka ba sa jin kunyar zama a kwando, garin da kayan miya su ne masu buƙatar ɗaki. Sannan ta kawo sharaɗinta na ƙarshe: a kawo shi Gusau tsirara, a yi masa fentin a tsakar gidanta.

"Ba ki yarda da ni ba ke nan," in ji Malam Tukur.

"Na yarda da kai, Baba. Hannunka ne ya saba."

Bayan kwana goma ya zo da kansa, kabad ɗaure a saman mota. Katakon ja ne, mai nauyi, sai da mutum uku suka kama. A gabanta ya fasa sabon gwangwanin fenti, a gabanta ya shafa, tana zaune a kan kujera 'yar tsugune tana gyaran shinkafa, tana tambayarsa dalilin da ya sa ake bin tsawon katako da burushi ba a gicciye ba, da kwana nawa hannun farko yake yi kafin a ƙara na biyu. Ya yi ta ba ta amsa, har ya sake, ya ce ukun nan da suka gani ya sayar wa mai gyaran babur yana ajiye ƙarafa. Mako guda kabad ɗin ya yi a tsakar gida yana shan rana da iska, ƙofofi a buɗe, an kewaye shi da turmi da benci saboda Mannir. Ranar da aka shigar da shi ta zuba garinta a ciki, ta rufe, ta saki Mannir a daɓen kicin ta ci gaba da aikinta.

Ta je har gida ta faɗa wa matar Attahiru. Matar ta saurara, ta ce su shekararsu guda da nasu ba abin da ya same su, kuma ba ta ga kyankyaso ko ɗaya ba. Luba ta roƙe ta ko garin da madarar yara ta fitar. Matar ta ce za ta duba.

Ke kuma da za ki gyara kicinki, kada kyan launi ya sa ki karɓi kabad ɗin da ba ki ga katakonsa tsirara ba. Ki tambayi kafinta abin da ya sha kafin fenti, in ya ce sirri ne ki bar masa kayansa. Wanda ya shafa maganin ba lalle mugu ba ne, amma ba shi zai ci tuwon ba, ɗanki ne.