Layi Ɗaya a Cikin Rauta

Tun da aka mayar da ɗakin gwaje-gwaje sabon gini a tsallaken titi, sakamakon gwaji ya daina buɗewa a kwamfutar Anti Mai Kati. Ita ke zaune a teburin karɓar marasa lafiya na tsohon gini, ita kaɗai ke buga sakamako ta miƙa wa likitoci. In ta danna shafin sai ya yi ta juyi har ya gaji. Amma ban da shi komai yana buɗewa: labarai, wasiƙu, har bidiyon ɗinki da take kallo lokacin hutu.

Bidiyon nan ne ya ja mata. Manaja, wanda ofishinsa ke sabon gini, ya shigo ya tarar da layi har baranda, allonta kuma yana nuna wata mata tana yanka hannun riga.

"Intanet ɗin da ya kawo miki tela daga wata duniya, shi ya kasa kawo takarda daga tsallaken titi?"

"Wallahi yallaɓai, ba ya buɗewa. Zo ka gwada."

"Ni zan yi miki aikinki? A ofishina yana buɗewa. In makon nan ya ƙare a haka, ki zo ki karɓi takardar sallama."

Bai gwada ba. A asibitin nan ba a gwada abu, sai dai a nemo wanda za a ɗora wa laifi, kuma wanda ya fi kusa da ƙofa shi ya fi sauƙin turawa waje. Anti ta koma ƙetare titi da ƙafa tana ɗauko takardu, da gwiwarta mai ciwo, direbobi na yi mata hon.

Sashen kwamfuta mutum biyu ne: Injiniya, wanda ya ja wayoyin tsohon ginin da hannunsa, da 'yar ƙanwarsa Auta, wadda shi ya nema mata aikin bayan ta gama karatu. Rauta, na'urar da ke raba wa kowane saƙo hanyarsa, tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin bene. Makullin yana haɗe da na motar Injiniya. Dokarsa ɗaya ce: abin da ke aiki ba a taɓa shi.

A mota, suna komawa gida, Auta ta ɗauko maganar.

"Kawu, ba laifin Anti ba ne. Rautarmu ce."

"Rautar da ta girme ki?"

"Shi ya sa. Har yanzu tana kan tsohon tsarin aji, tana kallon adireshi dangi-dangi. Duk ofisoshinmu lambarsu da goma take farawa. Sabon ɗakin gwaji ma da goma aka fara tasa."

"To ai daidai ne."

"Saƙon da za shi wurin baƙon da ba ta sani ba sam, tana tura shi babbar ƙofa, wadda ka saita zuwa sabon gini, can a nema masa hanya. Shi ya sa bidiyo ke zuwa. Amma in ta ga lamba ta fara da goma, sai ta ce wannan danginmu ne, na san kowa a cikinsu. Ta duba, ba ta ga ɗakin gwaji ba, sai ta yar da saƙon. Ba ta ko leƙa ƙofar. Layi ɗaya na umarni za a sa mata ta daina duba aji, duk abin da ba ta sani ba ta miƙa shi ƙofa."

Injiniya ya ƙara muryar rediyo. "Ke da kika zo jiya. Ki bar manya su yi tunani."

Washegari da Auta ta wuce ta ƙarƙashin bene, ta ga an share ƙurar saman akwatin da tafin hannu, shuɗiyar wayar da ake shiga rauta da ita kuma tana lilo a gefe. A teburin gaba, firinta na ta aman takardu. Anti na dariya.

"'Yar nan, ya warke da kansa! Allah ya dube ni."

Kafin azahar Manaja ya ƙetaro. Ya dubi barandar da babu layi, ya dubi Injiniya.

"Kun taɓa wani abu?"

"Komai lafiya lau yake, yallaɓai, kamar kullum," in ji Injiniya.

"Na faɗa. Da aka ambaci sallama, kwamfuta ta warke." Manaja ya juya ga Anti. "Kenan duk makonnin nan da gangan kike wahalar da marasa lafiya. Takardar tana nan. Ki gama yau."

Injiniya yana duba wani abu a wayarsa.

Lokacin abinci ya miƙa wa Auta makullai kamar yadda ya saba, ta ɗauko masa kularsa daga mota. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kawu, ka gaya masa."

"In gaya masa me? Abu ya gyaru. Sai in je in ce tun farko daga wurina ne, a gaban ma'aikata?"

"Korar ta za a yi."

"Zan sa baki daga baya, in ya huce. Ke dai ɗauko abinci."

A asibitin nan daga baya ba ta taɓa zuwa. Auta ta ɗauko kular, ta ajiye masa a tebur, makullan kuwa ta riƙe su a hannu. Ta ƙetare titi, ta sami Manaja yana shirin fita.

"Yallaɓai, ina roƙon ka zo ka zauna a kujerar Anti. Ba zan ɓata maka lokaci ba."

"Ke kuma lauyarta ce?"

"A'a. Kwamfutar zan sa ta yi maka magana."

Ko don ya ga ƙarshen rashin kunyar ne, ya biyo ta. Ta buɗe akwatin, ta jona kwamfutarta ta hannu, ta bar ƙofar ƙarƙashin bene a buɗe yadda zai ji muryarta.

"Danna sakamako."

"Ya buɗe."

Ta cire layin. "Sake dannawa."

Manaja ya danna. Sai ƙarar linzamin kwamfuta, ana ta danna shi da ƙarfi.

"Yana juyi."

"Buɗe bidiyo."

Muryar matar ɗinki ta cika ɗakin, tana bayanin yadda ake lanƙwasa wuyan riga. Wani tsoho a benci ya tuntsire da dariya.

"Yallaɓai ma ɗinki yake koyo a bakin aiki," in ji wata nas, ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji.

Auta ta mayar da layin, shafin ya buɗe. Ta cire, ya tsaya. Sai da Manaja ya ce ya isa, sannan ta mayar da shi ta adana.

"Jiya wannan layin ba ya nan," ta ce. "Yau da safe aka sa shi."

"Wa ya sa?"

Auta ta dubi akwatin. Makullan na rataye a jikin kwaɗon, da ƙaramin takalmin fata da kowa ya sani a jikin makullin motar Injiniya. Shi kuma yana tsaye a ƙofar ofishinsa, cokali a hannu.

Manaja ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa. Bai ba Anti haƙuri ba. Ya ce mata kawai ta daina kallon bidiyo a bakin aiki, kuma gobe ta zo da wuri. Ga Injiniya ya ce, "Ka same ni a ofis."

Anti ta koma kujerarta, ta ɗora ƙafar mai ciwo kan kwalin takardu, ta kira mai bi.

Da aka tashi, Auta ta je inda ake ajiye motoci, ta tarar da gurbin motar Injiniya babu komai sai ɗigon baƙin mai. Wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce.

"Me kika yi wa yayana?"

"Aiki na yi, Umma."

"Aiki? Mutumin da ya ɗauke ki ya kai ki wurin?"

"Zan yi miki bayani in na iso. Zan ɗan makara."

Ta sa wayar a jaka, ta nufi bakin titi inda ake jiran bas. Anti na can tsaye da ledarta, ta matsa mata wuri a inuwar allon talla.