Ƙofar Baya ta Hagu

Kowa Likita yake ce masa, shi kuwa ko allura bai taɓa yi wa wani ba. Haƙoran roba yake haɗawa a wani ɗaki da ke bayan asibitin haƙori, shekara ashirin da biyu a kan kujera ɗaya, yana gyara bakin mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba. In ya tashi daga aiki sai ya koma gida ya hau wata kujerar, ya mayar da tabarau mai ƙara girma, ya haɗa motoci. Ba motocin hawa ba fa, ina ya gan su! Ƙananan nan da ake sayarwa gutsi-gutsi a kwali, mutum ya yi ta manna su da gam har su zama mota mai tsawon tafin hannu.

Matarsa ta daina faɗa tun a mota ta tara. Yanzu talatin da ɗaya ne jere a kabad ɗin gilas da aka saya don kwanukanta. In baƙi sun zo takan nuna musu ta ce, "Mu kam Allah ya yi mana arzikin motoci. Kasuwa ce dai da ƙafa muke zuwa."

Mahaifinsa yana zaune a gidan Auta, ƙanwar Likita, tun da ciwon mantuwa ya kama shi. Duk Asabar da hantsi Likita yana zuwa gaishe shi, kuma kusan shekara guda ke nan tsohon ya yanke shawarar cewa wannan mutum mai jaka mai gyaran famfo ne.

"Ka zo? Na banɗaki ne, yana ɗiga."

Sai Likita ya shiga banɗaki, ya buɗe famfo, ya rufe, ya tsaya minti goma yana kallon bango, ya fito.

"An gyara, Baba."

"Madalla. Ka gaida mutanen gida."

Tsohon yana gane Auta, yana gane mijinta da 'ya'yanta, har kyanwar maƙwabta ya san ranar da ba ta zo ba. Ɗansa na fari ne kawai ya ɓace masa. Wannan abu yana cin Likita a rai ƙwarai, kuma bai gaya wa kowa ba, don shi ba mutum ne mai gaya wa kowa komai ba.

Abu ɗaya ne bai taɓa kuɓuce wa tsohon ba: koriyar motarsa, wadda aka sayar tun Auta tana firamare. Lambarta a kan harshensa take. Zai gaya maka yadda giya ta biyu ke gardama da safe, da yadda ake lallaɓa ta. To, Likita ya ce a ransa, in mota ce ƙofar da ta rage a buɗe, ta nan zai shiga.

Sai ya shiga haɗa ƙaramar irinta. Wata huɗu ya yi a kanta. Hoto ɗaya tal suke da shi na motar, ya jingina shi jikin gwangwanin burushi. Sau goma sha ɗaya yana haɗa koren fenti kafin ya dace, matarsa ta rantse duk ɗaya ne da na farko. Wayoyin inji ya ciro su daga wata matacciyar caja, ya ɗora su da hantsaki ɗaya bayan ɗaya, a wurin da in an rufe murfi ba mai sake ganinsu. Lambar ya rubuta ta da burushin da ya aske har ya rage gashi uku. Har jan tawul ɗin da tsohon ke rufe sitiyari da shi saboda rana ya yanko, bai kai girman farce ba, kuma daga gefen tawul ɗin matarsa ya fito, maganar da ba ta mutu ba har yau. Ya bi bodin da man sheƙi sau bakwai, yana gogewa, sai da ya ga hancinsa a jikin ƙofa.

Ranar Asabar ya ajiye ta a kan tebur gaban tsohon. Tsohon ya ɗauka, ya juya ta dama, ya juya ta hagu, ya daɗe a hagun.

"Ta yi kyau. Ta wa ce?"

"Taka ce, Baba. Duba lambar."

"A'a," in ji tsohon, ya tura masa abarsa a hankali. "Tawa ba haka take ba. Famfon fa?"

Likita ya shiga banɗaki. Ranar minti ashirin ya yi.

A kicin Auta ta tare shi. "Yaya, ai ka manta lotsewar ƙofar baya. Ta hagu. Hoton ta dama aka ɗauka, shi ya sa."

"Ban manta ba," ya ce, ya mayar da motar cikin kwali.

Ina zai manta, shi ya yi ta. Yana da shekara goma sha shida, wata rana bayan azahar tsohon ya kishingiɗa, shi kuwa ya zare makulli daga jikin ƙusa don kawai ya fitar da motar get ya dawo da ita. Fitar ta yi kyau. A dawowa ya nemi birki ya taka totur, ginshiƙin get ya karɓi ƙofar baya. Ya gyara mata tsayuwa, ya mayar da makulli, ya ɗauki littafi a juye yana karatu. Da aka zauna cin abinci tsohon ya yi tambaya sau ɗaya: "Wa ya taɓa motar?" Ba wanda ya amsa, bai kuma sake tambaya ba. Mutumin da in kujera ta yi ƙara sai ya ɗauko guduma, shi ne ya hau motar nan shekara tara da ƙofa a lotse, bai kai ta gyara ba.

Kwana biyar motar tana kan teburin Likita bai taɓa ta ba. A na shida matarsa ta kawo masa shayi ta tsaya a kansa, sai ya gaya mata labarin ƙofar, yana kallon bango.

"Shekara talatin da huɗu?" ta ce. "Kai da in an gusa maka burushi sai ka tara gida ka yi bincike? To me kake jira? Lotsa ta mana."

"Sau bakwai na goge ta."

"Allah sarki. Wancan karon ma ai a goge take."

Ya zo da ƙaramin injin goge haƙori daga wurin aiki, ya ciro ƙofar, ya kankare ta ta ciki har haske yana ratsa robar. Ya ɗumama gindin cokalin shayi a kan kyandir. Ya ɗora shi a kan ƙofar. Ya danna. Fentin wata huɗu ya tsage, ƙofar ta lotsa. Bai nemi hoto ba, don ya san inda ta fara, dab da hannun ƙofa, da inda ta ƙare a saman taya. Ya ja farin layin da fentin ginshiƙi ya bari, ya ɗiga tsatsa a bakin tsagar, daidai yadda ta yi a shekara ta uku.

Asabar da hantsi ya sake ajiye ta, wannan karon hagun yana fuskantar tsohon. Shi kuwa ya tsaya daga gefe rungume da jakarsa, a shirye ya wuce banɗaki.

Tsohon ya ɗauka. Ya sa babban yatsa a lotsewar, ya bi ta daga hannun ƙofa zuwa taya, ya dawo. Ya daɗe har Auta ta fara tattara kofuna. Can ya ɗago kai, ya dubi Likita sama da ƙasa.

"Dogo," ya ce. Duk duniya shi kaɗai ke kiransa haka. "Birki shi ne na tsakiya."

Likita ya ƙara rungume jakarsa. Da ƙyar ya ce, "Ni ne, Baba. Ni na buga ta."

"Na sani. Ina taga ina kallonka. Na bar ta ne na ga ranar da za ka faɗa." Ya sake duban motar, ya hure ƙurar da babu a kanta. "Ka ɗan jima."

Auta ta ajiye kofunan ta fita da sauri, tana cewa ta bar wani abu a wuta, alhali ba ta kunna komai ba. Likita yana nan a tsaye, hawaye na sauka a kan jakar, bai san inda zai sa hannunsa ba.

Tsohon ya matsa gefe, ya buga katifa da tafin hannu.

"Zauna mana. Tsayuwar me kake yi kamar baƙo?"