Tabon Haƙori a Hular Masunci

Kwana uku Narelle Pascoe ta yi tana fama da hoto guda, ita da kan gama biyu kafin shayinta ya huce.

Sana'arta ke nan, ɗaukar hoton 'yan mutum-mutumin roba, irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin tubalan wasan yara, masu rawayar fuska da hannu kamar ƙugiya. Takan kai su bakin teku, ta kwanta rub-da-ciki ta ɗauka, sannan ta koma kan kwamfuta ta yi ta gyara har sai ka rantse ɗan abin da bai kai yatsa ba mutum ne mai numfashi. Mutanen garinsu, Wallaroo, sun saba da ita. Masu kamun ƙaguwa a kan gadar katakon da ta miƙe cikin teku tsallake ta suke yi kamar igiya, ko sannu ba sa ɓata bakinsu su ce.

Amma ɗan mutum-mutumin da ke cikin wannan hoton, masunci mai shuɗiyar hula, ba na kasuwa ba ne. Na yayanta Glenn ne tun suna yara, kuma shekara shida ke nan da rasuwar Glenn. Babansu Merv yana gidan kula da tsofaffi a garin Kadina, sunaye suna zube masa ɗaya bayan ɗaya. Ranar Lahadin da ta wuce ta ambaci Glenn, tsohon ya dube ta da fara'arsa ya ce, "Wane Glenn?" Har ta iso gida maganar tana cin ta. Ita ba ta damu ya manta ranar mako ko sunan likita ba. Tsoronta ɗaya, kada ɗansa ya fice daga kansa ta zama ita kaɗai ke tuna shi.

Shi ya sa ta zaunar da masuncin a ƙarshen gadar, daidai inda uban da ɗan suka saba zama, ta ɗauke shi da hantsi. A kwamfuta ta goge siririyar wayar da ta riƙe sandar fatsa, ta goge danƙon da ta manna masa a ƙafa, ta zubo hazo kaɗan a kan ruwan. Da ta zo kan hular, sai ga wasu 'yan ramuka a gefe, robar ta lotsa. Hannun da ya saba ba ya neman izini. Kafin ta yi tunani ta shafe su sumul, kamar yadda take yi wa kowane tabo.

Lahadi da safe ta tarar da baban nata bakin taga yana tsoma biskit a shayi. Ta jingina masa hoton, babba, cikin gilashi.

"Baba, ka gane wannan?"

Ya matso da tabarau, ya daɗe yana kallo. "Gadarmu ce. Kai, ruwan nan ya yi kyau. Wa ya ɗauka?"

"Ni mana. Mutumin fa? Dubi mai hular."

"Wannan ɗan gayun?" Ya taɓe baki. "Sabo fil daga kanti. Wannan ko warin kifi bai taɓa ji ba. Ke dai, 'yar nan, har yanzu wasan yara kike yi da furfurarki?"

Ta yi dariya don kada ta yi kuka. Kwana uku, ga abin da ta samu. Ta zauna a gefen gadonsa tana kallon hular nan mai sheƙi, sai a lokacin abin ya faɗo mata. Garin neman gira ta rasa ido.

Allah ya taimake ta, akwai ɗabi'a ɗaya da ba ta taɓa saki ba. Falle-falle take aikinta, kowane gyara a kan nasa fallen, hoton asali yana can ƙasa ba ta taɓa shi. Ta ciro kwamfutar daga jaka, ta ɗora a kan teburin shayin, ta kashe fallen hular kawai. Hazon yana nan, hasken yana nan, ramukan suka dawo. Ta ƙara girman wurin har hular ta cika fuskar kwamfutar.

Merv ya ajiye biskit ɗin. Ya kai yatsa ya taɓa gilashinta, yana bin ramukan ɗaya-ɗaya.

"Ja'ira," ya ce a hankali.

"Glenn ne ya tauna, ko Baba? Kullum abu a bakinsa."

"Wane Glenn?" in ji tsohon. Ta zaci mantuwar ce ta dawo. Amma sai ya juyo yana hararar ta. "Wane Glenn zai tauna? Buɗe bakinki mu gani. Ai ga wushiryarki nan a jikin hular, biyu nan, fili a tsakiya. Shekararki huɗu. Ranar aka ba shi abin, kafin la'asar kin cinye masa hula."

"Ni? Baba, ai shi ka hana zuwa kamun ƙaguwa ranar. Ina tune, yana zaune a bakin ƙofa."

"To, ba shi ya zo ya ce shi ne ba? Ya tsaya gabana yana ƙarya, kunnuwa sun yi ja. Na san haƙoran kowa a gidana, amma na ce tunda ya zaɓi ya ɗauka, bari ya ɗauka." Ya girgiza kai, yana murmushi. "Glenn ke nan. Ba ya iya ganin kukanki."

Narelle ta kai harshe ta taɓa wushiryar. Shekara arba'in da ɗoriya tana ba mutane labarin yayanta mai tauna kayan wasa, shi kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa gyara mata zancen ba.

"Wancan na gilashin ki tafi da shi," in ji Merv, yana jawo kwamfutar kusa da kofinsa. "Ki bar min ɗana a nan."