Gem Ɗin da Habila Ya Bari a Kunne

Ni dai da za a tambaye ni, namiji mai furfura a gemu ba shi da abin yi da gem, wasan nan da ake bugawa a talabijin. Amma ba wanda ya tambaye ni, kuma a shagona aka zo aka girke abin.

Sunana Mas'uda. Ni ce mai abinci a kwantenar da ke jikin katangar kamfanin robobi a Sharada, inda ake yin bokitai da kujeru. Kamfanin ne ya jawo mini wayar wuta daga ciki, ita ke riƙe mini firiza da fanka da wata talabijin da ma'aikata ke kallon ƙwallo. Ƙanena Idrisu a nan yake aiki, a kan injin da ke fitar da bokiti. Abokin aikinsa a kan injin shi ne Habila, mutumin Kagoro. Tare suka tashi a Hotoro, lokacin da babanmu da babansa ke aiki a masaƙa a Bompai. Shi ma Habila Yaya yake ce mini, kuma gaskiya ya fi Idrisu jin maganata.

Suna yara akwai wani gem da ya ɗauke musu hankali a shagon wani mai aski. Sunansa na Turanci ban taɓa riƙewa ba, su dai Tsallake suke ce masa. Wasu 'yan mutane biyu ne da bindigogi, suna gudu suna tsalle suna harbi, ba ci ba sha. Sau nawa na je na jawo Idrisu da kunne daga shagon nan, Allah kaɗai ya sani. Shi gem ɗin wancan zamani ba ya tuna komai. In aka ɗauke wuta, ko wani ya yi tuntuɓe da waya, shi ke nan, sai a koma farko ko da saura taku ɗaya a gama. Da irin wutar da muke samu a lokacin kuwa, har suka girma ba su taɓa ganin ƙarshensa ba.

To bana sai ga Habila da kwali a hammata, bakin nan har kunne. Wai an sake yin Tsallake sabo fil, ya samo na'urar a shagon wani a titin Beirut. Matarsa Rifkatu ta ce ba dai a ɗakinta ba, matar Idrisu ma ta ce haka, sai aka ga ni ce marar gata. Suka jona a talabijin ɗina. Na leƙa don in samu abin yi musu tsiya, sai na ga 'yan mutanen nan sun zama ƙarti, da gemu da gumi, ruwan da suke tsallakewa har ƙyalli yake yi. Kiɗan ne kawai bai canza ba. Da ya tashi, sai na ga manyan mutane biyu sun koma yara, Idrisu har da share ido wai hayaƙin murhuna ne.

Daga nan kullum lokacin hutun rana sai su zauna a benci, su bar shinkafa tana hucewa. Kullum kuma daga farko suke tasowa, don Habila ne ke dannawa, ya ce hannu sai da maimaici.

Duk wannan lokacin Habila ba shi da lafiya. Ya rame, abinci kaɗan yake ci, kuma na san ba girkina ba ne. A ƙarshe likitoci suka ce akwai ƙari a hanjinsa, sai an yi aiki. Aka sa ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe.

Ranar Alhamis suka zauna kamar kullum. Ban san abin da ya shiga hannunsu ba ran nan, sai wuce wurare suke yi, har leburori suka taru a bayansu. Can sai ga wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe ta cika talabijin. Idrisu ya ce, murya ƙasa ƙasa, ai ƙofar babban bos ce, wato dodon ƙarshe na gem ɗin, wadda tun suna yara labarinta kawai suke ji. Daidai nan jiniyar komawa aiki ta yi kuka. Habila ya danna ya tsayar da gem ɗin, ya ajiye abin dannawar a kan cinyar Idrisu.

"Idi, ga amana," ya ce. "Kar ka bari a kashe. In na fito mu shiga tare."

"Ko da zan kwana a nan," in ji Idrisu.

"A shagon wa?" na ce. Ba wanda ya kalle ni.

Daga nan Idrisu ya zama wani mutum daban. Ya naɗe soket da salatif. Ya rubuta takarda ya manna, wai kada a taɓa. Ya je ya sami Kamilu mai kula da janareta, ya roƙe shi ya rantse ba zai juya wuta ba sai ya sanar da shi. Bai tsaya nan ba, ya aro akwatin batirin nan da ke riƙe wa kwamfuta wuta daga ofis, sai da ya kawo ya tuna ba yadda zai jona shi sai ya fara zare waya, ya mayar. Ya juya fankata daga kaina ya saita ta a kan na'urar, wai kada ta yi zafi. Na yi faɗa har na gaji. Na ce masa mutum yana asibiti, addu'a yake bukata, ba gadin talabijin ba. Ya ce addu'ar ma yana yi. Da zan rufe shago da magariba ya tsaya a kaina har na sa kwaɗo, ƙartin nan biyu suna tsaye a gaban ƙofarsu a ciki.

Safiyar Juma'a mai markaɗen da ke bakin titi bai buɗe ba. Ga kayan miya a roba, ga ma'aikata da za su fito da yunwa kafin masallaci. Na ɗauko bilanda. Soket ɗin da ya rage mini guda ne, na firiza, a can ƙasan tebur inda duhu yake. Na durƙusa na zura hannu, raina a ɓace, ina zagin mai markaɗe a zuci. Na kama waya na fizga. Na ji salatif ya yage.

Kiɗan nan da tun jiya yake cin kunnena ya ɗauke. Na ɗago kai, talabijin ta yi baƙi. Na duba agogon waya, goma da minti bakwai.

Ni da na yi ta yi wa Idrisu dariya, sai ga ni zaune a ƙasa. Tsoro na ji, tsoro na gaske. Na san camfi ne, na san rai a hannun Allah yake, ba a hannun waya ba, na yi istigfari ya fi a ƙirga. Amma zuciyata ta ƙi ji. Abin da take faɗa mini kawai shi ne, a daidai wannan lokaci Habila yana kwance an buɗe masa ciki, ni kuma na kashe abin da ya ce kada a kashe. Na mayar da wayar da sauri. Wata 'yar fitila ta kama a jikin na'urar, amma talabijin ba ta nuna komai ba, ni kuwa ban san abin da ake dannawa ba. Na yafa mata zani na koma kan tukunya. Miyar ran nan ko ni ban iya ci ba.

Sha biyu da rabi Idrisu ya shigo, kai tsaye ya nufi talabijin. Na riga shi magana, don na saba in na yi laifi in fara faɗa.

"Kai ma wa ya ce ka naɗe wayar kusa da ta firiza? Duk baƙaƙe ne, ta yaya mutum zai gane?"

Ya ɗaga zanin. Ya daɗe yana kallo.

"Yaushe, Yaya?"

Na so in yi ƙarya. "Goma da 'yan mintoci," na ce.

Da ya yi mini ihu da na ji daɗi, don da na rama. Sai kawai ya zauna a benci ya ciro waya ya kira Rifkatu. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira, ya sake. A na huɗu aka ce a kashe take. Na ce masa ko zai kunna ya gani, wataƙila akwai dabara. Ya girgiza kai.

"Babu dabara. In ya mutu ya mutu, farko zai koma. Kar wanda ya sake taɓawa."

Kalmar mutuwar nan da ya faɗa ta ƙi fita daga kunnena. Ya tafi masallaci, ni kuma na sallami mutane ban san me nake zuba musu ba. Ana idar da salla ya nemi izini wurin shugaban sashensu, na rufe shago da sauran abinci a kula, muka tari adaidaita. Mai adaidaitar ya so ya yi mana hirar tsadar mai, na yi masa wani kallo, ya kama kansa.

A barandar sashen tiyata muka hango Rifkatu zaune a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa. Idrisu ya tsaya cak, ya kasa ƙarasawa. Ni na matsa na dafa ta. Ta ɗago, idanunta jajur, sai ta yi murmushi.

"Yaya, an fito da shi. Sun cire duka. Likita ya ce aiki ya yi kyau, barci yake yi."

Wayar kuwa caji ne ya ƙare, dangi sun cinye shi da kira tun asuba. Na zauna kusa da ita a kan siminti, hijabina na zuwa unguwa da komai. Wani sanyi ya sauko mini tun daga kai har tafin ƙafa. Ita tana godiya ga Ubangiji da harshenta, ni ina alhamdulillahi da nawa, muna riƙe da hannun juna. Idrisu ya juya mana baya yana karanta wata sanarwa a bango da ba ta shafe shi ba.

Sai washegari da la'asar aka bar mu muka gan shi. Yana kwance da roba a hanci da wata a hannu, ya ƙara zama ƙarami a gadon, amma idon nan na tsokana yana nan. Muka yi masa sannu. Na ga Idrisu yana ta murza hula a hannu, na san abin da ke cinsa. Duk hanya yana shirya maganar.

"Habila, ban riƙe amana ba," ya ce. "Gem ya mutu. Ni na yi tuntuɓe da wayar."

"Ƙarya yake yi," na ce. "Ni na zare. Garin bilanda."

Habila ya dube ni, ya dubi Idrisu. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya dafe cikinsa da hannu biyu, yana dariya yana cije leɓe, Rifkatu tana yi masa faɗa kada ya ɓalle ɗinki.

"Idi, wannan ba irin na shagon mai aski ba ne," ya ce da ƙyar. "Sabon yana ajiye kansa da kansa. Duk inda ka kai, yana nan. Ko shekara ya yi a kashe, ka kunna za ka same mu a bakin ƙofar."

Idrisu ya buɗe baki. "To me ya sa kullum daga farko muke tasowa?"

"Ni nake zaɓar haka. Farkon ya fi daɗi."

"Kenan ka sani."

"Tun ranar da na saya mai shagon ya nuna mini."

Nan fa raina ya tashi. Na ce masa wato da saninsa ya bar ni wuni guda ba fanka, ya sa na kusa haɗiyar zuciya a ƙarƙashin tebur, ya sa na yi miyar da har leburori suka bari a kwano. Na ce ya gode wa Allah yana kwance. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in yi haƙuri, Yaya.

"Na san halin ƙanenki," ya ce. "Da ban ba shi abin riƙewa ba, da ya bar inji ya zo ya tare a ƙofar nan tun Alhamis, da wannan fuskar tasa, ya ƙarasa tsorata mini mata."

Idrisu ya ce shi fuskarsa lafiyarta ƙalau. Muka yi dariya, har mai jinyar gadon kusa. Sai Habila ya mayar da ido kan silin. Da ya sake magana muryar ta sauka, ba wasa a ciki.

"Kuma ni ma tsoro nake ji. Da suka turo ni a gadon nan, ba abin da na iya tunawa, addu'ar ma ta gudu. Sai na ce a raina, Idi yana can yana gadi, in ban koma ba zai yi ta zama. Da shi na yi barci."

Idrisu ya jawo kujerar roba kusa da gadon ya zauna, ya ɗora hannunsa a kan na Habila, wanda ba a sa wa roba ba. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce lokacin dubiya ya ƙare. Na ce mata ni da Rifkatu za mu fita, amma shi Idrisu ta daure ta ƙara masa minti biyar.