Fankar Motar Sufyanu

Tun da hantsi Safa ta fara jijjiga. Shekararta uku. Uwarta Murjanatu ta san wannan ciwon, domin shi ya ɗauke mata ɗanta na fari a lokacin da ake daka dutsen zinare a tsakar gidaje. Gubar dalma, haka likitoci suka kira shi, kuma maganinsa yana Anka. Mijinta Lauwali yana can ramin haƙa, wayarsa ba ta shiga. Sai ta aika aka kira ƙaninsa Sufyanu, wanda yake da tsohuwar mota yana jigilar mutane ranar kasuwa.

Rana ta take suka baro ƙauyensu Duza. Bazara ce, hanya kuma duk ramuka, motar tana tafiya kamar ana jan ta. Kowa ya san in la'asar ta wuce babu mai bin wannan hanyar, saboda abin da ke cikin daji. Ba su yi rabi ba allurar zafi ta haye ja. Sufyanu ya gani, ya kau da kai, ya ci gaba da tuƙi. Sai da tururi ya fara fitowa ta gefen bonet sannan ya gangara ya tsaya a wata tunga, gaban wata rumfar kwano inda wani dattijo mai gyaran wayoyin mota yake zaune yana gyangyaɗi. Malam Sodangi ake kiransa.

“Baba, taimaka muna,” in ji Sufyanu. “Ɗiya muka ɗauko ba ta lafiya. Mota ta ɗau zahi.”

Sodangi ya leƙa kujerar baya, ya ga yarinyar a cinyar uwarta, idanunta sun juye. Ya naɗe hannunsa da tsumma ya ɗaga bonet.

“Kunna makulli, kar ka tada inji.”

Sufyanu ya kunna. Sodangi ya duƙa yana kallon fankar da ke manne bayan lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji. Ba ta motsa ba.

“Inji na tahwasa, hwanka na kwana,” ya ce. “Kai kuma kana ta taka mai. Ina kac ce ka koyi tuƙi, bisa jaki?”

“Baba, yau ta hwara haka.”

Wani mai babur da ya tsaya shan ruwa ya matso, ya ce shi Anka za shi, in suna so ya ɗauki uwar da yarinyar. Murjanatu har ta fara gyara zanenta. Sufyanu ya tare ƙofar.

“Haba Amariya,” ya ce. Haka yake kiranta tun ranar da aka kawo ta gidansu, ko da yake an yi shekara goma. “Ɗiya na jijjiga ki hau babur da ita cikin ranag ga? Minti biyar ne, yanzu za mu tashi.”

Ta dubi dattijon. Shi kansa yana cikin inji, bai ji ba. Ta koma ta zauna. Mai babur ya tada abinsa ya tafi.

Sodangi ya ɗauko kayan aikinsa. Ba su da yawa: sukudireba, filaya, da wani ɗan ƙwan fitila mai waya biyu wanda ke kamawa in akwai wuta. Ya buɗe baƙin akwatin da ke kusa da batir, ya zaro fis ɗin fanka, ya ɗaga shi sama yana kallonsa a hasken rana.

“Wanga lahiya lau.”

Ya mayar. Ya cire soket ɗin fankar, ya jawo wata siririyar waya daga batir ya taɓa mata. Nan take fankar ta ɗauka da ƙara. Murjanatu ta zabura. Ta turo kai ta taga.

“Baba, ga ta nan ta yi! A bar ta haka mu tahi.”

Ya saki wayar yana yarfe yatsunsa.

“Ɗiyata, taɓa ki ji. Ko minti guda ba ta yi ba ta ɗau zahi. In na ɗaure muku ita, kahin ku kai rahin can gaba wuta ta kama, ke da yarinya kuna ciki. Ba ni da mai kauri. Kuma ko mi munka yi, sai inji ya huce kahin shi sha ruwa.”

Ya juya ga akwatin. A cikinsa akwai wasu ƙananan abubuwa baƙaƙe guda huɗu, kowanne kamar kwalin ashana. Ya nuna ɗaya.

“Wanga shi ne rile. Shi ka buɗe ma hwanka wuta in ruwa ya yi zahi. Kai, direba. An taɓa akwatin ga kwanan nan?”

Sufyanu ya dubi hanya.

“A'a.”

“Ba wanda yas sa hannu?”

“Babu, Baba.”

Sodangi ya cire wayar da ke zuwa daga abin da ke jin zafin ruwa, ya haɗa bakinta da guntun ƙarfe, ya ɗora yatsa a kan rilen. Ya ji ya yi ƙas. Ya saki, ya sake haɗawa. Ƙas.

“Yana amsawa,” ya ce. “Ke nan saƙo na isowa. To in ba a taɓa shi ba, waya ce ta tsinke ƙasa. Duwatsun hanyag ga ba su bar ma kowa waya.”

Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar. Daga inda take, Murjanatu ƙafafunsa kawai take gani, da faso a dugadugansa. Safa ta sake sanƙarewa. Haƙoranta suka datse, kumfa ya fito ta gefen bakinta. Murjanatu ta juya ta a kan gefe kamar yadda likitoci suka koya musu, tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Wata mata daga gidan da ke bayan rumfar ta kawo ruwa a kwano, ta tsaya tana ta sannu, sannan ta koma.

Dattijon yana bin wayar taƙi bayan taƙi, yana warware tsohon salatif, yana matsa ta da yatsa ko zai ji inda ta karye a ciki. Ya kwance wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen motar, ya kankare tsatsar da wuƙa, ya ɗaure. Ya ce a kunna. Shiru. Ya sake komawa. Sufyanu yana ta zagaya motar, yana shiga yana fita, sau biyu ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya dubi kujerar baya ya rufe.

Inuwar rumfar ta matso har ta rufe tayar gaba. Inji ya daɗe da hucewa. Motoci biyu suka wuce zuwa Anka, cike maƙil har da mutane a kan but. Bayan su babu abin da ya sake wucewa.

Sodangi ya fito, rigarsa ta yi baƙi, gumi yana ɗiga daga gemunsa.

“Waya ba ta da laihi,” ya ce, kamar da kansa yake magana.

Ya tsaya a kan akwatin ya daɗe. Ya ɗan ɗaga rilen, ya zura wayar ƙwan gwajinsa a ƙafar da wuta ke shiga. Ƙwan ya kama. Ya mayar da ita ƙafar da wuta ke fita, ya sa rilen ya yi ƙas. Ƙwan bai kama ba.

“Danna hon.”

Sufyanu ya danna. Hon ya yi ƙara har awakin da ke kwance suka watse. Sodangi ya zare rilen hon, wanda yake iri ɗaya da na fankar, ya cusa shi a gurbin. Fankar ta ɗauka.

Bai yi murna ba. Ya riƙe mataccen a tafin hannunsa yana juya shi, sannan ya sake duban akwatin.

“Guda huɗu ne nan. Biyu ƙura ta rufe su, tun da anka ƙera motag ga ba a taɓa su ba. Biyu kuma ga sawun sukudireba jikinsu, sabo. Ni da hannu nic cire.” Ya ɗago. “Na tambaye ka.”

Sufyanu ya sunkuyar da kai.

“Satin da ya wuce ne. Hon ya mutu ranar kasuwa, ga shanu ga 'yan babur. Wani direba a tasha yan nuna min in musanya su. Na duba na ga hwankar ko juyawa ba ta yi da sahe, nic ce ba ta da wani aiki. Na yi niyyar sayen sabo, wallahi na yi niyya.”

“Da sahe inji da sanyi, mi za ta juya ta yi?” Muryar dattijon ta yi ƙasa. “Wannan kuskure ne, kowa na yi. Amma da ka hwaɗa min sadda na tambaya, aikin minti guda ne.”

“Na ji kunyar Amariya.”

Murjanatu ta ji duka. Ba ta ɗago ba. Tana share wa Safa baki da gefen mayafinta.

Sodangi ya cika lagireto da ruwa, ya ce a tada inji, ya bar murfin a buɗe. Injin ya yi tari ya tashi yana rawa. Ruwan ya fara tsalle yana kumfa, yana feshi har kan bonet, farin hayaƙi kuma yana fita ta baya. Ya sa hannu ya yi alamar a kashe.

“Gaskit na kan inji ya ƙone. Tun kan hanya ka dahwa shi. Motag ga ba ta zuwa ko'ina yau.”

Daga masallacin tungar aka kira la'asar.

Dattijon ya dubi hanya, ya dubi yarinyar. Ta daina jijjiga, ta yi laushi, numfashinta yana fita sama-sama. Ya shiga bayan rumfar ya turo wani tsohon babur da ba shi da madubi ko ɗaya. Sufyanu ya miƙa hannu zai karɓa.

“Kawo in kai su, Baba.”

Murjanatu ta fito daga motar, ta goya Safa ta ɗaure da zani biyu.

“Baba,” ta ce, “in don Allah za ka yi, kai za ka kai mu.”

“Amariya…”

Ba ta dube shi ba. Ta hau bayan dattijon ta riƙe ƙarfen kujera.

Sun isa Anka ana shirin magariba, ba su gamu da kowa a hanya ba. Ma'aikatan asibiti suka karɓi yarinyar da gudu. Wata daga cikinsu ta tambayi Murjanatu tun yaushe jijjigar ta fara, da ta ce tun hantsi, sai matar ta rubuta.

Safa ta rayu. Ta yi kwana ashirin da shida a asibiti. Tana ci, tana tafiya in an riƙe mata hannu. Kafin wannan ciwon ta iya cewa Inna, ta iya cewa ruwa, tana kiran sunan akuyarsu. An sallame su ba ta sake cewa komai ba, kuma likitan da Murjanatu ta tambaya ko maganar za ta dawo ya ce shi ma bai sani ba.