Hannun Hagun Mista Pugh

Almakashin ya sake faɗuwa a kan daɓen kicin, ya yi ƙara, ya shige ƙarƙashin tebur. Nerys ta durƙusa ta ɗauko shi, kunnuwanta suna zafi.

"Wa kika miƙa wa?" in ji Mista Pugh. Maganar tana fita da nauyi ta gefe ɗaya na bakinsa. "Wancan hannun ya yi ritaya, 'yar nan. Ga wanda yake bakin aiki." Ya ɗaga hannun damansa ya kaɗa mata.

A wurinsa ta koyi komai. Shekaru ta yi tana tsaye gefensa a ɗakin tiyatar ƙaramin asibitin dabbobinsa da ke garin Brecon, tana miƙa masa ƙarafa a kan karnukan kiwo da tumakin da haihuwa ta gardame musu. Mista Pugh bahago ne. Saboda haka tana jera kaya daga ɓangarensa, tana ɗaura allura a mariƙinta bakin yana kallon inda yake so, har hannunta ya haddace abin ba da saninta ba. Masu jarrabawar mataimakan likitan dabbobi kuwa likita badame, mai aiki da hannun dama, suke nufi. A kan gwajin teburin kayan tiyata ta faɗi bara, a kansa ta sake faɗuwa da bazara. Yau ce damarta ta ƙarshe. Kamfanin da ya sayi asibitin bayan ɓarin jikin tsohon na hagu ya shanye ya riga ya gaya mata: in babu takardar shaida, babu aiki.

"Metzenbaum," ya ce.

Ta ɗauki siririn almakashin mai dogon wuya ta ɗora masa a dama. Ya riƙe shi kamar mai riƙon cokali.

"Allis."

Hantsaki mai ƙananan haƙora. Dama.

"Gillies. Maza, kare yana zubar da jini!"

Da ya ɗaga murya, hannunta ya riga tunaninta. Mariƙin allurar ya sauka a tafin hagunsa da ke kwance a kan bargo. Bai faɗi nan take ba. Babban yatsan ya ɗan lanƙwasa, yana laluben zoben ƙarfen, sannan abin ya zame.

Matarsa Eirlys, da take yanka burodin zabibi, ta ajiye wuƙa.

"Gethin, ya motsa."

"Kina gane-gane, tsohuwa. Sa tabaranki."

"Na ce ya motsa!"

"To ki kira jarida. Nerys, sake jera su. Motarki ba za ta jira ki ba."

A bakin ƙofa Eirlys ta tura mata burodi a aljihun kwat, ta riƙe mata hannun riga.

"Yarinyar asibiti tana zuwa tana matsa masa ƙwallon roba a hannun nan, ko gezau," ta ce a hankali. "Sai ke in kin sa masa ƙarfe. Ba cewa nake ki yi kuskure ba, 'yata. Gaya miki kawai nake."

Nerys ta gyaɗa kai.

A cikin bas, ruwan sama yana gangarowa a gilashi, ta yi ta miƙa biro ga bayan kujerar gabanta. Dama. Dama. Duk sanda hannunta ya karkata hagu sai ta mintsini cinyarta da ƙarfi, har wurin ya daina jin zafi.

Ɗakin jarrabawar yana warin maganin wanke hannu. Babu dabba, sai karen roba a ƙarƙashin koren ƙyalle, da mai jarrabawar, wata mata mai furfura da ba ta ɗaga kai ta dube ta ba. Nerys ta sa safar hannu. Ta jera ƙarafan, tana faɗin sunan kowanne da aikinsa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, don Allah."

Ta ɗaga. Ta ɗauki lanƙwasasshiyar allura ta kawo ta bakin mariƙi, sai ta ji yatsunta suna juya ta yadda suka saba. Ta tsaya. Ta tuna da babban yatsan nan yana lalube a kan bargo. Ta kore shi daga ranta, ta juya allurar ɗaya ɓangaren, ta danne maƙullin har ya yi ƙas.

Matar ta miƙo hannu. Nerys ta ɗora mata a tafi, da ɗan bugu, yadda ake so. Ta nemi wani, ta ba ta. Ta nemi wani. Ko sau ɗaya hannun bai yi gardama ba.

Da yamma ta sauka daga bas ta wuce gidan Mista Pugh kai tsaye, takalmanta a jiƙe. Mista Pugh yana nan inda ta bar shi, ƙarafan suna jere a gabansa kan tawul.

"Ba su faɗi komai ba," ta ce tun kafin a tambaye ta. "Sai sun aiko."

"Haka suke, marasa mutunci," in ji shi.

Eirlys ta zuba shayi ta ba ta. "Miƙa wa wannan sarkin mitar."

Nerys ta karɓa, ta zagaya tebur, ta juya mariƙin kofin, ta sa masa a hannun dama. Sai da ta koma kujerarta ta lura da abin da ta yi. Eirlys ta juya baya tana goge butar da ba ta jiƙe ba.

Mista Pugh ya daɗe yana kallon kofin.

"Kin ci," ya ce.

"Ai sakamako bai..."

"Na ce kin ci, 'yar nan. Eirlys, kwashe waɗannan ki sa a akwati."

A kan bargon, hannun hagun yana kwance a buɗe, tafin yana kallon sama.