Randunan Baba Kura

Bangon ɗakin Christy ya ishi kowa. Tun farkon damina yake tsatso danshi, funfuna baƙa ƙirin ta hau shi har gwiwar mutum. Ta goge da omo, ta goge da ruwan zafi, a banza. Baba Kura, mai gidan da suke haya a Kazaure, ya sa an yi fenti har sau biyu, fentin ya kumbura ya zube. Damina ta wuce, bangon kowa ya bushe, nata kuwa ko gezau.

Ga 'yarta Sophia, 'yar wata tara, ta kama tari. A asibiti aka ce danshin ne. Abel, mijin Christy, ya ce magana ta ƙare, ƙarshen wata za su tashi.

Tashi fa! Christy ta ji kamar ta kurma ihu. Ta tafi ta bar Iya Gumsu, matar Baba Kura? Matar da ta yi mata wankan jego kwana arba'in cur, lokacin da mahaifiyarta ta kasa zuwa daga Kafanchan?

Wata rana da hantsi Sophia ta wurga takalminta ta taga, Christy ta zagaya ta titi don ta ɗauko. Nan ta yi turus. Randuna biyu ne binne cikin yashi, na ruwan sadaka da Baba Kura ya ajiye wa masu wucewa. Kullum tana ganinsu, amma ba ta taɓa lura da bangonta suke jingine ba. Tana tsaye wani ɗan acaɓa ya sha, ya watsa ragowar moɗar a jikin bangon. Wani ya zo ya wanke ƙafa. Yashin kansa jiƙe yake sharkaf.

To, wa za ta faɗa wa? Kowa ya san don marigayiya mahaifiyarsa Baba Kura ya kafa randunan. Ita 'yar haya, da wane baki za ta ce a ɗauke sadakar uwar mutum? Ta ja bakinta ta tsuke, ta shiga haɗa kaya tana share hawaye.

A rana ta uku Iya Gumsu ta tsare ta. "Maman Sophia, wannan fuskar fa? Ba ki fita nan sai kin faɗa mini."

Christy ta faɗa, kanta a sunkuye. Iya Gumsu ta tafa hannu, ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa.

"Malam!" ta ƙwala wa mijinta kira. "Zo ka ga mai jiƙa maka bango. Kai ne!"

Baba Kura ya fita ya shafa bangon ta waje, ya dawo ya shafa ta ciki.

"Baba, ku yi haƙuri," in ji Christy. "Ba cewa na yi a ɗauke ba."

"Kwana uku kin sani kika yi shiru?" ya ce. "Haba 'yata! Ina can ina nema wa uwata lada, ashe jikata nake sa wa tari."

A ranar aka mayar da randunan gindin darbejiya, nesa da gini. Abel mai cewa magana ta ƙare, shi ya haƙa ramin da hannunsa, yana dariya. Aka kankare bangon, aka bar taga a buɗe, Iya Gumsu ta shigo da kaskon turaren wuta ta kori warin.

Kafin wata ya ƙare bango ya bushe ƙarau, tari ya tafi, Christy ta kwance kayanta tana 'yar waƙa. Da Asabar ta zo, ranar da ake cika randunan, ta riga kowa ɗaukar bokiti ta nufi gindin darbejiya, Sophia goye a bayanta. Baba Kura ya hango ta daga kan tabarmarsa, ya buɗe baki zai hana.

"Baba, ku bar ni," ta ce. "Ai kakarmu ce mu ma."